Asusun Kuɗi na Waya a Arewacin Kamaru da Chadi: Me Ke Sa Mutane Su Karɓa, Me Ke Sa Su Ja Baya?

A Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena, da wuya mutum ya ratsa wata babbar unguwa bai ga laima ko ɗan kiyos na masu sa kuɗi da cire kuɗi ba. Duk da haka, akasarin cinikin yau da kullum da tsabar kuɗi ake yin sa. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi yawo a kan wannan lamari, wasu daga masu niyyar buɗe asusu, wasu daga 'yan kasuwar da ke shawarar fara karɓar biya ta waya.

Mene ne asusun waya, kuma da me ya bambanta da asusun banki?

Asusun waya ajiyar kuɗi ce da ke ɗaure da lambar layin mutum. Mai asusu yana kai tsabar kuɗi wurin wakilin kamfani, wakilin ya tura masa daidai adadin zuwa lambarsa, abin da ake kira depo, daga nan kuma yana iya aika wa wani, ko ya sayi kiredi, wato kuɗin kira, ko ya biya kuɗin wuta da na makaranta, ko ya je wurin wani wakilin a wani gari ya karɓi kuɗinsa a hannu. Kuɗin ba a cikin wayar suke ba, ba kuma a cikin katin layin ba. Suna rubuce ne a kundin kamfanin, wayar kuwa hanya ce kawai ta ba da umarni.

Banki yana neman takardu da yawa, rassansa kaɗan ne kuma a manyan birane suka taru, yana kuma rufewa da yamma. Wakilin asusun waya yana bakin kasuwa ko bakin tasha, sau da yawa har bayan sallar isha'i. Sai dai banki yana riƙe duk yawan kuɗin da aka kai masa, alhali asusun waya yana da iyakar abin da zai ɗauka da abin da za a fitar a rana guda.

Tun yaushe abin ya shigo, kuma wa ke sa ido a kansa?

M-Pesa, wanda kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007, shi ne ya fara nuna cewa tsarin zai iya kama ƙasa guda. A Kamaru, MTN ta fito da nata a 2010, Orange ta biyo baya a 2011. Kafin su, Express Union ta riga ta saba wa jama'a da aika kuɗi ta kantunanta tun ƙarshen shekarun 1990, daga baya ita ma ta buɗe asusun waya. A Chadi, Airtel Money da Moov Money ne ke riƙe da kasuwar, Moov kuwa ita ce Tigo ta dā, wadda Maroc Telecom ya saya a 2019.

Ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar CEMAC tare da Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, duk suna amfani da sefa ɗaya da babban bankin BEAC ke bugawa, wanda hedkwatarsa ke Yawunde. Hukumar COBAC ce ke sa ido kan bankuna da kamfanonin biyan kuɗi, kuma dokar yankin ta watan Disamba na 2018 ce ta tsara sharuɗɗan da duk mai son gudanar da irin wannan asusu zai cika.

Me ya fi jan mutane su buɗe asusu?

Masu nazarin yadda jama'a ke karɓar sabuwar fasaha sun daɗe suna komawa ga abu biyu da wani masani Ba'amurke, Fred Davis, ya tsara a 1989: mutum ya ga abin zai amfane shi, kuma ya ga ba zai sha wahalar sarrafa shi ba. A yankinmu, amfanin da ya rinjayi sauran shi ne aika kuɗi zuwa nesa ba tare da wani ya ɗauke su a jikinsa ba. 'Yan arewa masu yawa suna neman abinci a kudu, a unguwar Briqueterie ta Yawunde ko a New Bell ta Duwala, wasu suna sayar da tsire, wasu suna gadi, wasu suna fataucin albasa da shanu, iyalansu kuma suna Mokolo ko Gidar ko Yagwa. A dā, sai mutum ya jira ranar da wani ɗan gari zai tafi gida, ko ya sa kuɗin a ambulan ya damƙa wa direba, sannan ya zauna cikin zullumi har a kira shi a ce saƙo ya iso. Yanzu kuɗin cefane yana isa kafin ya gama gaisawa da matarsa a waya. Haka uban da ɗansa ke karatu a jami'ar Ngaundere da ke Dang, ko a jami'ar Marwa, ba ya bukatar neman mai zuwa can.

Tsoron hanya ma ya taimaka. Waɗanda suka san lokacin da zargina, wato 'yan fashin hanya, ke tare fatake a ranakun kasuwa, ko suka bi hanyar Mora zuwa Kuseri ta Waza a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, ba sai an yi musu dogon bayani kan fa'idar tafiya da aljihu ba nauyi ba.

Na uku shi ne koyi da juna, kuma a ganina ya fi duk wani tallan rediyo tasiri. Dattijo yakan buɗe asusu ne ranar da ɗansa ya ce masa, “Baba, a buɗe maka a lambarka, in riƙa turo maka kai tsaye.” Mai shago yakan buɗe ne bayan masu saye uku ko huɗu sun tambaye shi ko yana karɓa ta waya. Duk mutum ɗaya da ya shiga yana ƙara wa na kusa da shi dalilin shiga.

Idan haka ne, me ya sa mutane da yawa ke cire kuɗin da zarar sun shigo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk shafin nan. Dalilin shi ne, waɗanda za a kashe kuɗin a wurinsu ba sa karɓa ta waya. Mai nama, mai kayan miya, mai faskare, mai babur ɗin haya, duk kuɗin hannu suke so, kuma ba taurin kai ba ne. Mai kayan miya za ta sari tumatir gobe da asuba daga hannun wanda ya kawo shi daga lambu, shi kuma zai biya 'yan ƙodago da mai amalanke, waɗanda ba za su yarda da komai ba sai abin da suka ƙirga da hannunsu. Matuƙar dai a ƙarshen layin akwai wanda sai tsaba, to kowa a tsakiya zai nemi tsaba, ko kuma ya ce wa mai saye ya ɗora masa kuɗin cirewa a kan farashi. Da zarar an ce haka, mai saye zai ga gara ya ciro da kansa.

Saboda haka yawan asusun da aka yi wa rajista ba ya nuna yawan masu amfani na haƙiƙa. Ƙungiyar GSMA ta kamfanonin waya ta ba da rahoton cewa asusun waya masu rajista a duniya sun haura biliyan 2 a 2024, fiye da rabinsu a Afirka kudu da Sahara, amma a cikin irin wannan lissafi har da layin da aka buɗe wa asusu sau ɗaya aka jefa a aljihun tebur. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne kwana nawa kuɗi ke yi a cikin asusun, da hannu nawa suke bi kafin su koma takarda.

Wani abin lura shi ne, ƙarancin canji da ya daɗe yana damun kasuwannin Kamaru ya kamata a ce ya tura ƙananan ciniki zuwa waya. Kowa ya san kantin maganin da ke ba da alawa ko ashana a madadin sefa 25 ko 50. Amma mai sayen ƙosai na sefa 100 ba zai tsaya danna lambobi yana jiran saƙon tabbatarwa ba, mai tuyar ma ba ta da hannun da za ta duba waya.

Nawa ake cirewa, kuma shin tsadar tana korar mutane?

Sa kuɗi a asusu yawanci kyauta ne. Inda ake biya shi ne wurin aikawa da wurin cirewa, kuma na cirewa ne ya fi ciwo. Kowane kamfani yana da jadawalinsa, wanda yake sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka gara mutum ya duba na jikin kiyos ko ya karanta abin da wayar ta nuna masa kafin ya sa lambar sirri.

A kan ladan kamfani akwai na gwamnati. Daga 1 ga Janairun 2022, Kamaru ta sa harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan aikawa da kuma cirewa. Ma'ana, a wancan lokacin sefa 100,000 sukan bar 200 wurin aikawa, su sake barin kusan 200 wurin cirewa, ban da abin da kamfani zai ɗauka. Adadin bai kai a yi kuka ba idan sau ɗaya ne, amma jama'a sun yi ta ƙorafi a lokacin, domin kuɗi guda ne ake yanka sau biyu, kuma talakan da ba shi da banki ne ya fi bin wannan hanya.

Yadda tsadar ke aiki a zuciyar mai amfani ya danganta da abin da yake kwatanta ta da shi. Wanda zai aika kuɗi daga Duwala zuwa Marwa yana kwatanta ladan da kuɗin mota da haɗarin hanya, sai ya ga araha ce. Wanda zai biya maƙwabcinsa mai shago yana kwatanta shi da miƙa takarda hannu da hannu, wanda ba a cire ko dala, sai ya ga asara ce. Shi ya sa mutum ɗaya zai yabi asusun waya da safe, ya ƙi amfani da shi da rana, kuma a duka biyun lissafinsa daidai ne.

Wace rawa mai kiyos yake takawa?

Ga mafi yawan jama'a, mai kiyos shi ne kamfanin. Ba su taɓa shiga ofishin kamfanin ba, ba su san wanda za su kira ba, wanda suka sani shi ne yaron nan da ke zaune ƙarƙashin laima mai ruwan ɗorawa ko ruwan goro, da ƙananan wayoyi uku ko huɗu a gabansa da littafin da yake rubuta lambobi. Idan ɗan unguwa ne, an san gidan ubansa, ana sallah tare da shi, to tsohuwar da ba ta yarda da waya ba za ta yarda da shi. Idan baƙo ne da ke sauya wuri kowane wata, kamfanin ma ba zai samu amincewar unguwar ba.

Matsalarsa ta kullum ita ce daidaita kuɗin hannu da kuɗin cikin waya. Duk wanda ya zo cirewa yana rage masa tsaba ya ƙara masa na waya, duk wanda ya zo sawa yana yin akasin haka. A birni, masu sawa da masu cirewa suna kusan yin daidai. A ƙauyen da kuɗi ke shigowa daga 'ya'yan da ke kudu, kusan kowa cirewa yake zuwa yi, don haka kafin azahar jakar mai kiyos ta ƙare, sai ka ji yana cewa, “Hajiya, ki yi haƙuri, sai an kawo kuɗi daga gari.” A ranar kasuwar shanu ta Adumri ko ta Bogo kuwa, abin yakan juye: masu son zuba kuɗi masu nauyi sun fi ƙarfin abin da ke cikin wayarsa. Wanda aka mayar da shi hannu wofi sau biyu, musamman ranar da yake da majinyaci a asibiti, zai koma ajiye kuɗinsa a gida, kuma zai gaya wa wasu dalili.

Sai mutum yana da babbar waya da intanet?

A'a. Ƙaramar waya mai madannai ta isa, domin ana aiki da gajerun lambobi ne, irin su *126# a layin MTN da #150# a layin Orange a Kamaru. Abin da ake bukata shi ne rezo, wato sabis ɗin waya, da caji. Su biyun ne ke yin wuya a wasu wurare: akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun rezo, wutar lantarkin arewa kuma ta daɗe tana dogara da madatsar ruwan Lagdo, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo ɗan sauƙi. Abin da ya fi ɓata wa sabon mai amfani rai shi ne rezo ya yanke a tsakiyar aiki, an cire masa kuɗi, wanda aka tura wa kuma bai ga komai ba.

Wanda bai iya karatun boko ba fa?

Nan akwai babban shinge. Umarnin da ke fitowa a waya da Faransanci ko Ingilishi yake, alhali harkar kasuwa a arewacin Kamaru da Fulatanci da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa ake yin ta, a Njamena kuma da Larabcin Chadi. Mutane da yawa sun haddace jerin lambobin da za su danna ba tare da sun karanta ko kalma ɗaya ba, kuma hakan yana tafiya daidai har ranar da kamfani ya sauya tsarin jerin.

Akwai kuma batun ƙirga. A kasuwa da dala ake lissafi, wato sefa 5, a Chadi kuma da riyal, wanda shi ma sefa 5 ne. Dala ɗari ita ce sefa 500, dala ɗari biyu kuma jaka ɗaya ce, wato sefa 1,000. Waya ba ta san dala ba, sefa take so. Tsohon da ya shekara arba'in yana ciniki da dala, idan aka ce ya rubuta adadi, dole ya ninka sau biyar a kansa sannan ya ƙirga sifili, kuma sifili ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu ya isa ya ɓata ciniki.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, irin waɗannan mutane suna miƙa wayar ga jika ko ga mai kiyos, su faɗi lambar sirrin da baki kowa yana ji, wasu ma a takarda suke rubuta ta su liƙa a bayan wayar. Sun shiga tsarin, amma asusun ba a hannunsu yake ba.

Me ya sa ake neman katin shaida, kuma wa hakan ke hanawa?

Doka ta wajabta a san mai kowane layi da mai kowane asusu, don hana safarar kuɗin haram da tallafa wa 'yan ta'adda. Matsalar ita ce, samun katin ɗan ƙasa yana bukatar takardar haihuwa, kuma a karkarar jihar Arewa Mai Nisa da ta Arewa akwai ɗimbin mutanen da ba a taɓa yi musu ita ba. Wasu kuma sun yi shekaru suna yawo da rasit ɗin katin suna jiran na ainihi. Makiyaya, da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, da 'yan gudun hijira irin na sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, su ne abin ya fi shafa.

Mafitar da mutane suka samo ita ce yin rajista da sunan wani, miji ko wa ko maƙwabci. Ranar da layin ya ɓace ko aka toshe shi, wanda sunansa ke kan rajista ne kaɗai zai iya karɓo shi, idan kuwa ya rasu ko an ɓata da shi, mai kuɗin ya shiga wahala.

Idan wayata ta ɓace, ko kamfanin ya samu matsala, kuɗina sun tafi ke nan?

Ɓatan waya ba ɓatan kuɗi ba ne, matuƙar wanda ya tsince ta bai san lambar sirri ba. Mai asusu zai je ofishin kamfani da katinsa a rufe tsohon layin a ba shi sabo da lambar nan tasa, ya tarar da kuɗinsa yadda ya bar su. Game da kamfanin kuwa, dokar yankin ta tilasta masa ya ajiye kwatankwacin duk kuɗin masu asusu a wani keɓaɓɓen asusu a banki, wanda ba a haɗa shi da kuɗin gudanar da harkokinsa. Mutane kaɗan ne suka san da wannan tanadi, kuma da an yi ta bayyana shi a rediyo da harsunan gida, da ya rage fargabar masu cewa ba za su bar dukiyarsu a wurin da ido ba ya gani ba.

Yaya batun 'yan damfara?

Su ne suka fi kowa ɓata sunan tsarin. Dabarunsu ba su da yawa, maimaita su suke yi. Akwai saƙon ƙarya mai kama da na kamfani da ke cewa an turo maka kuɗi, sai wani ya kira da muryar tausayi ya ce kuskure ya yi, kuɗin maganin mahaifiyarsa ne, don Allah a mayar masa. Akwai mai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe asusunka idan ba ka danna wasu lambobi ba, alhali lambobin umarnin cire kuɗi ne. Akwai mai albishir da cewa ka ci kyauta, sai dai ka fara biyan wani abu kaɗan.

A kusan duk waɗannan, ba fasa kundin kamfani aka yi ba, mai asusun ne aka ruɗa ya sa lambar sirrinsa da hannunsa. Amma wanda aka cuta ba ya bambance wannan, cewa zai yi an sace masa kuɗi a waya, kuma labari ɗaya irin wannan a majalisa ya isa ya sa mutum goma su fasa. Ka'idojin kariya gajeru ne: ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ba a amincewa da saƙo sai an duba abin da ke cikin asusun da kai, kuma kafin a tura kuɗi a karanta sunan da ya fito. Yadda kamfani ke karɓar koken wanda ya tura kuɗi lambar da ba ita ba yana da nasa tasirin, domin wanda aka dawo masa da kuɗinsa cikin kwana biyu yakan zama mai yi wa tsarin talla kyauta.

Shin akwai riba a ciki ta fuskar addini?

Asusun da kansa ba ya haifar da ruwa: abin da ka sa shi za ka tarar. Malamai da dama suna ɗaukar abin da kamfani ke cira a matsayin ladan aiki, kamar ladan ɗan aike, don haka ba sa ganin laifi a aikawa da karɓa. Wannan ya sa wasu da suka ƙi banki saboda gudun riba suka karɓi asusun waya ba tare da damuwa ba. Inda ake bukatar tsayawa a tambayi malami shi ne ƙananan rancen da ake tallatawa ta waya, waɗanda ake mayarwa da ƙari, da kuma cacar ƙwallo, wadda asusun waya ya kawo ta har cikin ɗakin matasa. Iyaye da yawa da ke hana 'ya'yansu buɗe asusu, cacar nan suke gudu. Kuɗin da ke cikin asusu kuwa dukiya ce kamar kowace, ana haɗa su cikin lissafin zakka.

Mata suna amfani da shi kamar maza?

Ba su kai maza ba, saboda ƙarancin masu wayar kansu, da masu katin shaida, da masu karatun boko a cikinsu. Amma inda mace ta mallaki layinta, amfanin da take samu yakan zarce na namiji. Matar da ke sana'a a cikin gida, ɗinki ko turaren wuta ko man gyaɗa, tana iya karɓar kuɗinta ba tare da sun bi ta hannun yaron talla ba, tana zuba adashinta ko uwar adashi tana wata unguwa, tana kuma da ajiyar da ba kowa ya san yawanta ba. Wannan sirrin shi ne abin da mata da yawa suka fi so a tsarin, kuma shi ne ke tafiya idan da sunan miji aka yi rajista ko shi ke riƙe da lambar sirri.

Za a iya aika kuɗi tsakanin Kamaru da Chadi, ko zuwa Najeriya?

Tsakanin Kuseri da Njamena gadar Ngeli ce kawai, kuɗin ma ɗaya ne, amma kamfanonin waya daban ne a kowane ɓangare. An daɗe asusun wani kamfani ba ya magana da na wani, har a cikin ƙasa ɗaya, shi ya sa mutane ke yawo da layi biyu ko uku. A 2020 aka ƙaddamar da GIMACPAY, tsarin da ke haɗa bankuna da asusun waya na ƙasashen CEMAC, ta yadda za a iya turawa daga wani kamfani zuwa wani ko daga wata ƙasa zuwa wata. Hanyar tana nan, sai dai ladanta da ƙarancin waɗanda suka san da ita sun sa 'yan kasuwa da yawa har yanzu sun fi son riƙe layin Kamaru da na Chadi a aljihu ɗaya.

Najeriya ba ta cikin wannan tsari, kuɗinta ma naira ce, wadda darajarta ke hawa da sauka, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya. Fataken da ke hulɗa da garuruwan Mubi, Banki ko Gambaru sun fi dogara da 'yan canji da tsohon tsarin amana: ka ba ɗan canji sefa a nan, abokin hulɗarsa ya biya naira a can. Abin da ya sauya shi ne, yanzu kowane ɓangare na wannan amanar yakan bi ta waya a cikin ƙasarsa.

Akwai waɗanda dole ce ta sa su shiga?

Akwai. Tun daga 2018 ma'aikatar ilimin sakandare ta Kamaru ta mayar da biyan kuɗin makaranta da na jarrabawa ta hanyar kamfanonin da ta amince da su, wanda ya sa iyaye da yawa suka fara hulɗa da tsarin a karon farko. Ƙungiyoyin agaji ma sukan tura tallafin kuɗi ta waya ga waɗanda rikici ko ambaliya ta shafa. Irin wannan shiga tana ƙara yawan asusu da sauri, amma ba lalle ta zama sabo ba, domin wanda aka buɗe wa asusu don abu ɗaya yakan tsaya a kan abu ɗayan nan.

Ɗan kasuwar da ke son fara karɓar biya ta waya, me zai duba?

Ya fara tambayar kansa ko wanda yake sarin kaya a wurinsa yana karɓa ta waya. Idan yana karɓa, kuɗin za su wuce ba tare da an cire su ba, kuma ladan cirewa ya faɗi daga lissafi. Idan ba ya karɓa, sai ya ƙiyasta nawa zai riƙa bari a kiyos kowane mako, ya gani ko sababbin masu sayen da zai samu za su rufe wannan giɓi.

Ya nemi asusun 'yan kasuwa daga kamfani maimakon amfani da layinsa na gida, domin sharuɗɗansu da iyakar kuɗinsu sun bambanta, kuma hakan yana raba masa kuɗin shago da na cefane. Manyan 'yan kasuwa, irin dillalan shanu da masu sarin hatsi, sukan yi karo da iyakar adadin da aka yarda a motsa a rana, wasu kuma suna ɗari-ɗari da barin sawun kowane ciniki a rubuce saboda tunanin masu haraji, don haka sukan raba: kafin alƙalami ta waya, cikon kuɗin a hannu ko ta banki. Idan akwai yaran shago, a tsayar da mutum ɗaya da zai riƙe wayar, kuma kada a saki kaya don mai saye ya nuna saƙo a tasa wayar, sai an ga kuɗin sun shigo a ta shagon.